Ranar da Baffa Ya Shiga Majigi

Duk sadda maƙwabtanmu sunka tada injin wuta da magariba, in na ji yana tari kafin ya daidaita, sai zuciyata ta koma filin kasuwar Tambuwal. In ka tambaye ni shekarar ba ni iya ba ka lamba, ni ba da takarda nake riƙe zamani ba. Amma na san damina guda ce bayan anka zo anka yi muna lambar agana, wadda tabonta ke nan ga dantsena har yau, kuma ba a kai ga sauke tutar Turawa a ɗaga tamu ba, ana dai ta maganar abin. Lokacin an fara ɗora mini ƙaramin tulu zuwa rijiya. Shekarar ce gero ya yi kyan da tsofaffi ke cewa rabonsu da irinsa tun kafin fari. Abin da na gani da idona kuwa ba ni mantawa, ko tsinke ne.

Sai na fara gaya maka ko wane ne Baffa, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Wan mahaifinmu ne, ɗan farin kakarmu. Tun ba a haife ni ba, lokacin babban yaƙin Turawa, anka yi ɗiban mutane zuwa haƙar kuza can Jos, kowane gari da adadin da anka ɗora masa, Baffa ya faɗa ciki. Abin da ya same shi can ba daga bakinsa na ji ba, wajen daka na tsince shi guntu-guntu. Wai bargo ya ɓace a ɗakin ajiyar Bature, anka ce shi ne. Bature ya sa 'yan sanda, baƙaƙe irinmu, sunka danne shi, shi kuma ya zare ɗamarar wandonsa mai kan ƙarfe ya yi ta zabga masa, karensa na haushi bisa kansa. Da ya iya tashi sai ya gudo, wa'adinsa bai cika ba. Ya iso Tambuwal da ƙafa, kunnensa na hagu ya mutu. Tun daga nan ba wanda ya sake ganin fatar bayansa. Ko a gona, maza na tuɓe riga da tsakar rana, shi tasa na jikinsa sharkaf. In ɗan doka ya biyo ta ƙofar gidanmu, Baffa zai tuna akwai abin da ya manta bayan rumbu.

Kakarmu kuwa, Tsohuwa muke ce mata. Kunyar ɗan fari ta wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce, da uwa ke zama tana hira da ɗanta har da tafawa. Tsohuwa ba ta kiran sunan Baffa, ba ta yi masa magana. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska ga bango, ta amsa wa bangon. In ta dama fura mai kyau ta raba wa kowa, sai ta rage ƙwarya guda ta ce a kai wa kaji. Matar Baffa ta san wace kaza ake nufi.

To, ran nan mai shela ya zaga gari, wai motar majigi ta iso, kowa ya fito bayan magariba. Matan aure ba su zuwa, sai maza da yara da tsofaffin da ba su jin nauyin kowa. Tsohuwa ta ce ita ba ta kallon aljanun Turawa. Ni na bi yayyena. Baffa ma ya zo, abokansa sunka ja shi, ya tsaya can baya inda haske bai kai ba.

Sunka kafa farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, inji na ruri, wani haske kamar igiya ya fito daga akwati ya bi ta bisa kawunanmu. Akwai wani saurayi mai wando, shi ne tafinta, yana magana cikin lasifika da irin Hausar rediyo. Anka fara nuna yadda ake feshin auduga. Anka nuna taron jama'a a Sakkwato ana tarbar manya, sai wani ya ƙwala ihu: "Kai jama'a, ga mai gishirin Dogon Daji!" Shi ne kuwa, da hularsa da giɓinsa na haƙori. Anka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na ji wani dattijo kusa da ni yana cewa, "Shi ko ya san an kawo shi nan?"

Sa'an nan anka sa babban labari. Wani gari ne bakin teku, ban san ƙasar ba, baƙaƙe ne ke ɗaukar kaya, Turawa ke tsaye da hannu a aljihu. Anka nuna kanti cikin duhu, hannu ya shigo ta taga ya ɗauke wani ɗan akwati. Hannu kawai, ba fuska. Da safe ga Bature ɗan sanda da karensa da baƙaƙen 'yan sanda biyu. Wani ɗan dako mai tsagaggen wando ya hango su, ya aje buhunsa, ya zura da gudu. Tafinta ya ce, "Kun ga ɓarawo, ya tsargu." Sunka bi shi lungu-lungu, bisa rufin ɗakuna, cikin kwale-kwale, yara na ta ihu, wasu na cewa a kama, wasu na cewa yi ta kanka. Daga ƙarshe kare ya cim masa. Anka kai shi wani ɗaki mai fitila guda. Baƙaƙen sunka danne shi bisa tebur. Bature ya kai hannu ga ɗamararsa.

Nan filin ya yi tsit, ba ka jin komi sai inji. Anka zabga ta fari, anka zabga ta biyu. Sai munka ga wani baƙin abu ya taso daga ƙasan ƙyallen, ya yi girma, ya yi girma, ya rufe Bature da tebur duka. Mutum ne, da kai da kafaɗu da hannu biyu a sama. Na waiwaya, ga Baffa tsaye tsakiyar hasken nan, fuskarsa fari fat, yana ihu da wata murya da ban san yana da ita ba: "Ba shi ya ɗauka ba! Ku sake shi! Wallahi ba shi ya ɗauka ba!"

'Yan doka biyu sunka nufo shi. Abokansa sunka riga su, sunka ce ciwon kai ne ke taso masa, sunka ja shi gida. Anka ƙarasa majigi, anka rufe ɗan dako a kurkuku, tafinta ya ce ƙarshen ɓarawo ke nan. Ba wanda ya tafa.

Kashegari ba a yi wata magana a Tambuwal ba sai wagga. A bakin rijiya, matar mahauci, wadda ba ta je ba amma mijinta ya ba ta labari, ta ce ita kam ɓarawo ne. "In bai ɗauka ba, mi ya sa shi gudu?"

Goggonmu ta aje gugarta. "Ke, ranar da ɗan doka ya zo neman mai awo, wa ya haura katanga ya faɗa cikin turken awakinmu? Ba mijinki ba? Shi mi ya ɗauka?"

Mata sunka fashe da dariya. Wata ta ce hannun da ya shigo ta taga fari ne, ɗanta ya gani. Wata ta ce ƙarya ne, cikin duhu wa ke ganin launin hannu. Wata tsohuwa mai saida daddawa ta ce ita ba Baturen ya ƙona mata rai ba, shi ai ba jininsa ba ne. "Waɗannan biyun da sunka danne shi, su ba uwa ta haife su ba?"

Maza ma haka, a ƙofar gida inda nake share wa mahaifinmu wurin zama ina jinkirtawa don in ji. Malamin unguwa ya ce duk wanda ya bar karatu ya je kallon inuwa, abin da ya gani shi ya jawo wa kansa. Wani ya ce da gangan anka kawo, don a tsorata masu kafa tutar adawa, a nuna musu abin da ke jiran su. Wani ya ce a'a, don a gane wanda zai ji zafi ne, shi ya sa 'yan doka ba ƙyallen suke kallo ba, fuskokinmu suke kallo. Akwai wani tsohon soja mai ɗingishi, shi ya ce duk wasa ne, ba a dukan kowa, biyan su ake su yi. Anka taso masa. "Wasa? Jinin ma wasa ne? Kai da ka ci abincinsu ai dole ka faɗi haka."

Dattijon nan na daren jiya shi ya ɗauko maganar da ta tada gidanmu. Ya ce, "Ku bar zancen ɓarawo. Mai gishirin Dogon Daji, yaya anka yi ya shiga? Ba tsayawa ya yi gaban akwatinsu ba? To, wanga bawan Allah kowa ya gan shi bisa ƙyallen, har ya fi Baturen girma. Na'urar tasu ta ɗauke shi. Za su yi ta yawo da shi gari-gari har Kaduna. Turawan nan ba su tafi ba tukuna, kuma ba su manta ɗan gudun kuza."

Tsohon soja ya ce ko da ma ta ɗauka, hoto ba ya fita sai an wanke shi, sai ya kwana biyu. Da nufin kwantar da hankali ya faɗa. Sai ya zama shi ne ya tabbatar.

Kafin la'asar Baffa ya ɗaure ƙunshinsa. Ya ce wa mahaifinmu zai tsallaka ƙasar Faransi, inda hoton ba zai bi shi ba. Ga gero ya nuna a gona yana jiran magirbi, ga mata da 'ya'ya ƙanana, kuma kowa ya san wanda ya tafi irin wagga tafiya ba lalle ya dawo ba. Mahaifinmu ya yi magana har ya gaji. Matar Baffa na kuka cikin ɗaki ƙasa-ƙasa.

Tsohuwa na zaune tana kaɗi, kamar ba a gidan ake yi ba. Can ta tambayi goggo ina motar ta nufa. Anka ce za ta zaga Dogon Daji da Sanyinna, ta sauka Kebbe ranar kasuwa. Ta naɗe zarenta a hankali. Sai ta ɗaga murya, ta fuskanci rumbu: "Na daɗe ban gano ƙanwata a Kebbe ba. Gobe za ni. Kuma duk wanda na bari gidan ga, in same shi." Ta nuna ni da mazari. "Ke, mai ido kamar na mujiya, ke kika ga abin. Da ke za mu."

Munka bi ayarin masu jakuna. Ita bisa jaki, ni a ƙasa, in na gaji a ɗora ni bayanta. Hanyar duk ƙamshin sabon gero da ɗanyen kara, ƙafa na nutsewa cikin rairayi, ƙaya na kama zane. Munka kwana a wani ƙauye wajen dangin masu jakunan. Duk wanda ya tambaye ta, zumunci za ta. Ko ƙanwar tata da munka isa ba ta gaya mata ba, sai dai ta ce tana son ganin majigin nan da ake faɗa, ƙanwar ta riƙe baki.

A Kebbe munka zauna gaba-gaba, ni da Tsohuwa da wata jikar gidan, tsarata. Idon Tsohuwa ya riga ya yi hazo, ta riƙe mini wuyan hannu. "Kowace fuska ki duba. Har na bayan bayan." Na duba masu feshin auduga. Na duba taron Sakkwato har idona ya yi ruwa. Anka zo kanti, anka zo hannu, anka yi gudu, kare ya kama. Na ce ga wurin nan ya zo. Sai ƙyallen ya yi wani ƙyaftawa, kawai ga ɗan dako cikin kurkuku. Ba ɗaki mai fitila, ba tebur, ba ɗamara. Tafinta ya ce ƙarshen ɓarawo ke nan. Mutanen Kebbe sunka tafa, har wani na cewa kai, aikin Bature akwai tsabta, ko mari ba a yi masa ba.

Na ce, "Tsohuwa, ba shi ciki. Amma dukan ma ba shi ciki. Sun cire wurin da Baffa ya shiga."

Na zaci za ta yi murna. Sai na ji yatsunta sun ƙara matse ni. "Awo, na gane," ta ce. "Sun cire shi sun aje daban. Shi za a aika Kaduna."

Da hantsi ta sa na ja ta har gindin tsamiyar da motar ke tsaye. Tafinta na zaune bisa akwati yana shan fura, direba na ɗaure kaya. Ta yi sallama, ya amsa da ladabi, ya ce ko magani take nema, su ba 'yan asibiti ba ne.

"Ɗana, abin da kunka nuna Tambuwal ya fi na nan tsawo. Ina kunka kai ragowar?"

Ya dubi direba, direba ya dubi igiyarsa. Ya ce, "Iya, wa ya gaya miki?"

"Ga wadda ta gani. Ba ta ƙarya, ba ta iya ba tukuna."

Ya ce an ce wurin yana tayar wa jama'a da hankali, shi ya sa ya yanke da almakashi, in sun koma zai liƙa.

"Wa ya ce?"

"Na sama."

"Mutumin da ya tsaya muku gaban haske, shina cikin abin da ka yanke?"

Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. "Iya, wannan akwatin ba ya ɗaukar kowa. Fitarwa kawai yake yi. Mai ɗauka daban ne, ba mu ma zo da shi ba."

"Abin da ya iya rage mutum, ya iya ƙara mutum. Ni dai nika son gani."

Ya ga ba tashi za ta yi ba, don ta riga ta zauna bisa tushen tsamiya ta miƙe ƙafa. Ya buɗe wani gwangwani ya zaro wata baƙar igiya mai sheƙi, faɗinta bai fi ɗan yatsa biyu ba, ya ce in ɗaga ta ga rana, kada in taɓa tsakiya. Ashe 'yan ɗakuna ne jere, kowane da hotonsa ƙarami kamar ƙwayar wake. Ga Bature ya ɗaga hannu, ga shi ya ƙara ɗagawa, ga shi ya sauke. Na bi su ɗaya bayan ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, Tsohuwa ta ce in sake, na sake. Ba Baffa, ba inuwarsa.

Tafinta ya naɗe abinsa. Ya ce duk garuruwan da ya zaga, a Tambuwal kaɗai anka taɓa tsaya masa a haske. "Mene ne naki, Iya?"

Ta juya fuska ga tsamiya. "Ba komina ba ne. Wani ne dai na unguwarmu."

Ya yi ɗan murmushi, ina jin ya gane. Ya ce, "Wace unguwa? In mun sake zuwa in gaishe shi."

"Mu mutanen Sanyinna ne," in ji Tsohuwa, ta miƙa mini hannu in tashe ta. Ko godiyar kirki ba ta yi masa ba. A hanya ta ce mai tambayar unguwa ba gaisuwa ke gabansa ba. Wataƙila yaron da zuciya ɗaya ya faɗa. Ban sani ba har yau.

Munka iso gida da yamma, ƙafafuna sun kumbura. Baffa na cikin ɗaki, ƙunshinsa na bakin ƙofa a ɗaure. Tsohuwa ba ta ko sha ruwa ba. Ta tsaya tsakar gida, ta ba ɗakinsa baya, ta kira matarsa, ta yi magana da ƙarfi irin wadda ko mai kunne guda zai ji: "Ki gaya wa maigidanki an duba, har wanda sunka ɓoye an duba. Ba shi ciki. Kuma na biyo ta gonar wani na ga tsuntsaye sun yi ƙiba."

Matar ta shiga ta maimaita, alhali ya ji. Can munka ji ana wasa magirbi bayan ɗaki.

Sai da anka gama girbi, ina tsintar zangarniya a gonarsa, ya kira ni gefe. Bai taɓa yi mini doguwar magana ba. Ya ce, "Ɗiyata, can Kebbe, ɗan dakon nan, sun sake shi?"

Na ce, "A'a, Baffa. Can ko dukan ba a nuna ba."

Ya ce, "To. Ashe haka ake yi." Ya koma ɗaurinsa. A Tambuwal ya tsufa, a Tambuwal anka binne shi, kuma masu wanka kaɗai sunka ga bayansa.

Yanzu jikokina na kallon irin waɗannan labarai a tafin hannu, ana bin mutum, ana harbi, suna cin gyaɗa suna gardama wa ke da gaskiya. Nakan tambaye su, wanda ya ba ku wannan, kun san abin da ya rage? Su yi dariya su ce Kaka ta fara.

Tsohuwa ta tafi, mahaifinmu ya tafi, goggo da matar Baffa da tsohon soja duk ƙasa ta rufe su. Cikin waɗanda sunka zauna gaban ƙyallen nan, waɗanda na sani da rai mu ukku ne: ni, da wani yayana da ya makance, da jikar gidan nan ta Kebbe, wadda ke can ɗakin ɗanta tana fama da gwiwa. Bara munka haɗu wajen suna, maganar ta taso. Ta ce ita da idonta ta gani, ɓarawo ne, kuma ba wanda ya taɓa shi. Na ce ni ma da idona na gani. Anka kawo muna tuwo, munka ci kwano guda, kowace na kan bakanta.